Jirgin Kawu Ba Shi da Takarda

A Maruda aka haife ni, kuma duk wanda ya san ƙasar Gwandu ya san mu mutanen tudu ne. Ruwan da na tashi na sani shi ne na rijiya, sai na tafkin da damina ke cikawa rani ya shanye. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, manomin gero da dawa ne. Bai taɓa sa ƙafarsa cikin jirgin ruwa ba har ya bar duniya, kuma ba ya ɓoye dalilinsa: ya ce wurin da babu reshen kamawa ba wurin zuwan mai iyali ba ne. Sai ga shi matar da ya aura, Innata, 'yar Yawuri ce, Basarkiya, daga gidan masu sassaƙar jirgi. Fataucin albasa ne ya haɗa iyayensu. Shi ya sa tun ina ƙarami nake da sunan tsokana biyu: a Maruda ni ne ɗan ruwa, a Yawuri kuma ni ne ɗan tudu.

Ina aji huɗu a firamare Inna ta fara tafiya da ni gidansu. Muka bi ta Jega, muka wuce Koko, muka isa Yalwa da la'asar sakaliya. Tun kafin in ga ruwan na ji ƙarar guduma da warin kwalta. A ƙarƙashin wata bishiya kusa da bakin ruwa na tarar da yayan Inna, wanda har yau ban iya kiran sunansa ba sai dai Kawu, yana tsugune cikin wani abu mai kama da haƙarƙarin saniya da aka feɗe, ƙusoshi uku a bakinsa. Bai cire su ba ya amsa gaisuwata.

Kawu ba ya aiki da takarda. Ba shi da zane, ba shi da ruwan awo, fensirinsa gawayi ne. Kayan awonsa jikinsa ne: gaba, kamu, taƙi, yatsa. Sai wata tsohuwar igiya mai ƙulle-ƙulle da ke rataye a wuyansa kamar carbi. In mai saye ya zo, tambayar farko da yake masa ita ce me zai ɗauka, kuma ina zai bi. Mai kai albasa daga gungu zuwa kasuwa jirginsa daban, masunci mai jan taru nasa daban, mai ƙetarar da shanu nasa daban. In sun daidaita, sai ya jera falankan ƙasa bisa gungumai, ya tsaya daga nesa ya runtse ido ɗaya, ya sa yaro ya matsa wannan ya ɗaga wancan. Falankan gefe kuwa lanƙwasa su ake yi a hankali, a jiƙa su, a ɗaure da igiya, a sa sanda a murɗa, yau kaɗan gobe kaɗan, don katako in an yi masa gaggawa tsagewa yake. Bayan an kafa haƙarƙari sai a bi kowace gaɓa a cusa auduga da tsumma, a shafe da kwalta, a rufe da siririn kwano, a jera masa ƙananan ƙusa kamar ɗinki. Ranar da aka tura jirgi ruwa zai yi yoyo, kuma ba wanda ke damuwa. Kwana biyu katako ya sha ruwa ya kumbura, gaɓoɓin su rufe kansu.

Na daɗe ina zaton haka aka gada tun kaka da kakanni. Sai da na girma Kawu ya gyara mini. Mahaifinsa, kakana, bai san falanki ba sai da girmansa. Shi gungumen madaci ko na kawo yake samu, ya zauna da gizago wata da watanni yana rarake cikinsa har ya zama kwale-kwale. Wannan sana'a ba ta jiya ba ce. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwale-kwalen da masana suka auna shekarunsa suka haura 8,000, tsawonsa ya ɗara mita takwas, an sassaƙa shi daga itace ɗaya dangin madaci. Shi ne mafi tsufa da aka samu a Afirka. Da kakana zai ga hotonsa, ina jin zai gane inda gizago ya bi.

Abin da ya raba Kawu da aikin mahaifinsa madatsar Kainji ce. An gama ta a 1968, ruwa ya taru ya haɗiye tsohuwar Busa da gungaye masu yawa, aka tashi dubban mutane aka mayar da su sababbin garuruwa. Kogin da aka sani mai gudu ta hanya ɗaya ya koma tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, wanda a wani wurin ba ka hango ƙetare. Kawu yana saurayi a lokacin. Ya ce abin da ya fi ba su tsoro ba zurfin ba ne, iska ce. A kogi gaɓa na kusa, ruwa ba ya samun filin tashi. A tafki kuwa hadari na tasowa sai taguwa ta miƙe, ta faɗo cikin kwale-kwalen gungume mai gajeren baki kamar ana zuba ruwa a akushi. Ga itatuwan da ruwa ya rufe ba a sare su ba, kututturansu na tsaye a ƙasa suna jiran cikin jirgi. Ga injin Yamaha ya shigo, yana son gindi mai faɗi da za a ɗaura shi. Ga manyan madatai sun fara ƙarewa. Su Kawu suka koma falanki, suka ɗaga goshin jirgi, suka buɗe kafaɗarsa, suka bar cikinsa a shimfiɗe don ya iya hawa yashin gungu. Ba rana ɗaya aka yi ba. Kowane jirgi da ya sha ruwa ya bar musu gyara a na gaba. Surar da nake gani ƙarƙashin bishiyar nan, shekara hamsin ce ta gardama tsakanin mutum ɗaya da tafki ɗaya.

Ni kuma na yi karatu, na zama malamin makaranta a Kalgo. A can na ƙara sanin ruwa ta wata fuskar: ambaliyar 2020 da ta shafe gonakin shinkafa a fadamun Kebbi ta sa har mu 'yan tudu mun shiga kwale-kwale don mu kai gaisuwar jaje ƙauyukan ɗalibanmu. Ban yi barci ba daren da na fara shiga.

Ranar Laraba 26 ga Mayu, 2021, jirgin katako ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutum fiye da 150, mafi yawansu mata da yara da 'yan kasuwa, ga kaya. Ya rabe a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ciro da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Kwanaki ana tsamo gawa. Ina ɗakin malamai ina jin rediyo, kowa na faɗin albarkacin bakinsa, kuma kusan duk bakin ya zo ɗaya: jiragen katako sun tsufa, a kawo na faiba. Wani abokin aikina da ya san asalin Innata ya juyo ya dube ni. Bai ce komai ba, amma na ji kunya kamar ni na buga ƙusar.

Da daddare na kira Kawu. Ba shi ya yi jirgin ba, bai ma san wanda ya yi shi ba. Amma zuciyata na tafasa, kuma ilimin boko yakan sa yaro ya ɗauka ya girmi kawunsa. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, ya kamata ku bar aikin nan haka. Zamanin katako ya wuce. Kuna ta yi wa mutane makara."

Ya yi shiru har na duba ko layin ya yanke. Can ya ce, "Makara." Ya sake yin shiru. "To, Malam, Allah shi ba da lada." Ya kashe.

Bai taɓa kirana Malam ba sai ranar. Wata biyar bai ɗauki wayata ba. Da Inna ta ji, ba ta yi mini faɗa ba, abin da ta ce kawai shi ne kuɗin rajistar jarrabawata ta ƙarshen sakandare daga wace makarar suka fito.

A cikin watannin nan ne na shiga bincike a waya, kuma gaskiya ba don in nemi gafara ba, don in tara hujja ne. Ina son in nuna masa faiba ta fi. Na kuwa samu hujjoji, kuma har yau ban janye su ba. Jirgin faiba ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, ba shi da gaɓar da za ta buɗe, ya fi sauƙin nauyi don haka ya fi ƙarancin shan mai, kuma ana iya cusa masa soso a ɓoye yadda ko ya cika da ruwa ba zai nutse ƙasa ba. Hukumar HYPPADEC, mai kula da yankunan da ke da madatsun lantarki, ta raba irinsu da rigunan ruwa a garuruwan bakin tafki, hukumar NIWA kuma ta sha yin gargaɗi kan lodi da tafiyar dare. Duk wanda ya ga an jera gawarwaki a bakin ruwa ba zai raina wannan ba.

Amma garin neman yadda ake yin faiba na faɗa kan abin da ban nema ba. Ashe ba a ƙera jirgin faiba kai tsaye. Sai an fara yin jirgi sukutum, galibi da katako, a goge shi ya yi santsi. A jikinsa ake ɗaukar mazubi, kamar yadda mai bulo ke da akwatinsa. Cikin mazubin ake shafa fenti mai kauri, a shimfiɗa tabarmar zaren gilashi, a jiƙa ta da wani ƙaro mai ruwa da ake samu daga man fetur, a bi da abin birgima a fitar da iska, a ƙara wani shimfiɗin, har kauri ya kai. In ya daskare a ɓamɓaro shi. Mazubi ɗaya zai haifi jirgi ɗari, dukkansu kamar an tsaga kara. Faiba ba ta da surar kanta. Abin da aka ba ta take maimaitawa, da kyansa da aibinsa.

Daga nan na bi wani jirgi guda har na kusa manta abin da ya kawo ni. Sunansa Westsail 32, ƙirar Amurka, tsawonsa ƙafa 32. Irin jiragen nan ne masu doguwar sanda a tsakiya da ake ɗaura wa ƙyalle iska ta tura su, mutum ya zauna ciki da gadonsa da murhunsa ya ƙetare teku. Na faiba ne, amma in ka gan shi sai ka rantse tsohon jirgin katako ne: kansa biyu, gaba tsini baya tsini, ciki kamar tulu. Kuma yana da salsala, kamar dokin sarauta.

Kakansa wani maƙerin jirgi ne a garin Larvik na ƙasar Nowe, Colin Archer, wanda aka haifa a 1832 ya rasu a 1921. Shi ya ƙera Fram, jirgin da ya shiga ƙanƙarar arewacin duniya da ta kudanci ya fito. Mutanen gaɓarsu masunta ne, teku na cinye su duk hunturu. Archer ya ɗauki surar jiragensu na gargajiya masu kai biyu, ya ƙara musu zurfi da nauyi a ƙasa, a 1893 ya fitar da jirgin ceto wanda ke fita lokacin da kowa ke gudowa. Shekara guda bayan haka jirgin ya ciro mutum fiye da talatin daga guguwa a ƙuryar arewacin ƙasar. A shekarun 1920 wani Ba'amurke mai zanen jirage, William Atkin, ya rage girman wannan sura zuwa ƙafa 32 ya sa mata suna Eric. Da wannan zanen aka ƙera Suhaili a Bombay ta Indiya, da katako da hannun kafintocin Indiya, kuma cikinsa ne Robin Knox-Johnston ya bar Ingila a Yunin 1968 ya dawo a Afrilun 1969, kwana 312, mutum na farko da ya kewaye duniya shi kaɗai bai tsaya ko'ina ba. A ƙarshen shekarun 1960 wani mai suna Larry Kendall a Kalifoniya ya sa William Crealock ya mayar da surar ta dace da faiba. Kendall ya yi 'yan kaɗan ya karye. Wasu ma'aurata, Snider da Lynne Vick, suka sayi mazuban, suka kafa kamfanin Westsail a farkon shekarun 1970. Mujallar Time ta buga labarin masu barin aiki su koma zaman teku a 1973, da hoton jirgin, sai oda ta yi ta zuwa. Sun yi fiye da 800. Wasu ma ƙwaryar jirgin kawai suke saye su ƙarasa cikinsa a bayan gida. Kamfanin bai kai ga tsufa ba, kafin shekara goma ya rufe, a zamanin da tsadar man fetur ta ɗaga kuɗin ƙaron da ake zubin da shi.

Kamfani ya mutu, jiragen suna nan. Nauyin kowanne ya kusa tan tara, kusan tan uku daga ciki ƙarfe ne ko dalma a can ƙasan ciki don kada ya kife. Masu tsere suna masa dariya, suna ce masa katantanwa. Amma a Oktoban 1991 wani mai suna Satori ya shiga babbar guguwa a gabashin Amurka, jami'an ceto suka kwashe mutanen cikinsa suka bar shi. Bayan kwanaki aka tsince shi a kan yashin gaɓa, ya kai kansa, aka ja shi aka ci gaba da tafiya da shi.

Abin da ya tsaya mini a rai ba guguwar ba ce. Sunayen ne. Archer, Atkin, Crealock, Kendall, Vick. Mutum ya mutu shekara ɗari da suka wuce, amma lanƙwasar da idonsa ya zaɓa tana yawo a teku cikin kayan da bai taɓa gani ba, kuma duk mai jirgin ya san sunansa. Dalili ɗaya ne: an auna, an zana, an ajiye. Sai na tuna jiragen faiba da na gani a bakin ruwan Yalwa, farare masu kujeru a jere, ƙirjinsu kamar na zabo, an yi su don gudu. Surar wa suke maimaitawa? Ko ta wane ne, bai taɓa ɗaukar buhun albasa daga gungu ba.

Hutun Disamba na shiga mota zuwa Yawuri ba tare da na sanar ba. Na tarar da shi inda na saba tarar da shi. Na durƙusa na ce, "Kawu, na yi kuskure, a yafe mini." Ya ci gaba da fiƙe wani katako. Da ya gama ya ce, "Ɗan tudu, miƙo min zarto." Shi ke nan, an wuce wurin.

Da yamma ya yi maganar da bai yi a waya ba. Ya ja ni gefen wani jirgi ya nuna mini layin ƙusa. Ya ce duk jirgin da ya sayar sai ya nuna wa mai shi inda ruwa zai tsaya, in ya wuce nan an shiga hakkin jirgi. Ya ce jirgin falanki shekarunsa ƙidayayyu ne, in an kula da shi ya yi shida ko bakwai, daga nan itacen wuta ne. "Amma wa ka jin magana? Mutum ya ci bashi ya sai injin, mai ya yi tsada, kasuwa sau ɗaya a mako. Shina ganin mutum tsaye da kuɗi a hannu, ya ce mai babu wuri? In anka ba shi na faiba ma haka za shi cika shi." Bai wanke 'yan sana'arsa duka ba. Ya ce akwai masu sa ɗanyen katako, akwai masu rage ƙusa, kuma falankin kirki yanzu sai an yo shi daga kudu da tsadar da mai saye ba ya son ji. Game da faiba kuwa, abin da ya dame shi gyara ne. Nasa in kututture ya huda shi, da guntun falanki da kwano da kwalta an gama kafin azahar, a kowane gungu. Na faiba in ya tsage sai a jingine shi a jira kayan gyara daga birni, ya nuna mini ɗaya da ke kife a yashi, awaki na kwana ƙarƙashinsa.

Sai na fito da waya na nuna masa Westsail an ɗaga shi sama a kan ƙarafa, duk cikinsa a waje. Na ce masa iska ke tura shi. Ya ce, "Jirgin 'yan iska ke nan," ya yi dariya har da tari. Ya ce su ma masunta kan ɗinka buhu su kafa a gora in iska na bayansu, amma ba wanda ya mayar da abin sana'a. Sannan ya karɓi wayar, ya nisanta ta da fuskarsa, ya yi shiru. Ya bi ƙasan jirgin da farcen babban yatsa. Ya tambayi nawa ke nutsewa cikin ruwa, na ce ƙafa biyar. Ya ce a nan ko Rofiya ba zai kai ba da rani, zai kafe. Ya kai yatsa kan gindin mai tsini, ya ce, "Wanga mutum ruwa ya taɓa koro shi daga baya. Ya yi mai tsini don in taguwa ta biyo shi ta rabe biyu." Ban gaya masa komai game da tekun Nowe ba. Na ba shi labarin mazubi, da cewa sai an yi na katako tukuna. Ya ɗago. "Ashe da masassaƙi a ciki."

A daren na yanke shawarar zan auna jirginsa. Na karanta yadda ake yi: a daidaita jirgi a ƙasa, a ja zare daga goshi zuwa gindi, a raba tsawon gida-gida, a kowane gida a auna faɗi da zurfi da buɗewar gefe. Na sayi tef na kafinta da littafin rubutu mai shafi sittin. Tunanina shi ne wata rana wani mai zuba faiba, ko a Sakkwato ko a Minna ko a nan Yalwa, zai so mazubin da ya san tafkin nan, kuma in babu awo babu abin da za a ba shi. Babban ɗan Kawu, wanda ya kamata ya gaji igiyar, yana haƙar zinariya, ya ce ba zai ƙare rayuwarsa yana bin bashin ƙusa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Da safe na gaya wa Kawu. Tambayarsa ta farko ta kusa rusa mini shirin: "Wanne?" Akwai jirage uku a wurin, ba wanda ya yi kama da ɗan uwansa. Ya ce bai taɓa yin biyu iri ɗaya ba, don bai taɓa samun mai saye biyu iri ɗaya ba, kuma bai taɓa samun falanki biyu masu hali ɗaya ba. Wannan ban yi tunaninsa ba. Archer ma jirage fiye da 200 ya ƙera. Mazubi yana ajiye jirgi ɗaya. Idon da ke duban mai saye ya ce a ƙara taƙi biyu a kafaɗa, wannan ba ya shiga mazubi, kuma ba ya shiga littafina.

Duk da haka na zaɓi na albasa, don shi ya fi yi. Kwana uku ina rarrafe cikin yashi, yara na kallona, wani jikan Kawu ɗan shekara goma sha biyu yana riƙe mini bakin tef. A gida na bakwai na ga gefen dama ya fi na hagu buɗewa da yatsa biyu. Na sake aunawa sau uku. Na je na gaya wa Kawu a hankali, don ban manta da maganar makara ba. Ko tashi bai yi ba. Ya ce falankin dama ya fi taurin kai, in ya matsa masa zai tsage bayan shekara, sai ya bar shi ya rama a haƙarƙari na gaba. In jirgin ya sha ruwa ya ɗauki kaya zai zauna daidai. Na tsaya da biro a hannu. In na rubuta abin da tef ya ce, mai mazubi zai maimaita karkatar sau ɗari a kayan da ba ya shan ruwa. In na daidaita lambar, na rubuta jirgin da Kawu bai yi ba. Na rubuta duka biyun, na ja layi a ƙasa, na rubuta abin da ya ce da bakinsa, da Hausarsa.

Daga nan aikin ya canza. Shafin hagu lambobi, shafin dama maganarsa: me ya sa goshi ya tashi kamu ɗaya da taƙi, me ya sa ba a sa ƙusa a layi ɗaya cikin jijiyar katako, wace iska ce ke tasowa daga yamma da la'asar a farkon damina. Shafukan dama sun fi cika. Yaron nan mai riƙe tef, na lura, yana amsa wasu tambayoyin kafin kakansa ya buɗe baki, kuma sau biyu Kawu bai gyara masa ba.

Ban gama ba. Mai jirgin ya zo ya biya ya tafi da abinsa ina gida na goma sha ɗaya cikin ashirin, hutu kuma ya ƙare. Na roƙi Kawu ya ba ni igiyar wuyansa in auna tsakanin ƙulle-ƙullen, ya hana, ya ce yana aiki da ita. Littafin yana Kalgo cikin akwatin takardun shaidata, ya fara warin kwalta. Idon Kawu na dama ya yi hazo, yanzu da hagu yake runtsawa, kuma odar bana biyu ce kacal. Makon jiya ya sa aka kira ni, ya ce an ba shi aikin wani na albasa bayan girbi. In zan zo in taho da tef mai tsawo, wancan gajere ne, da maganin ɗigawa a ido, kuma kada in zo ranar kasuwa don ba zai samu lokacina ba.